Akuyar Amana a Gidan Fatu Maikaba

A Tudun Goruba, wani gari da ke cikin kwarin Tarka, tafiyar rabin yini a jaki daga Belbeji, akwai wata mata da ake kira Fatu Maikaba. Shekarunta sun doshi sittin. Gajeriya ce, siririya, mai kaushin yatsu, kuma duk wanda ya zauna da ita zai shaida cewa ba ta taɓa riƙe abin wani ta mayar masa da shi da tawaya ba, ko da allura ce. Da wannan shaida take taƙama, domin sauran dukiya ba ta taɓa daɗewa a hannunta ba.

Laƙabin nan gadonsa ta yi. Uwarta, Babarbariya daga wajen Ollelewa, da saƙar kaba ta rayu, kuma tun Fatu ba ta isa ɗaukar tulu ba aka zaunar da ita gaban jiƙaƙƙiyar kaba. Ta iya tabarma, ta iya faifai da igiya, amma abin da ta yi suna a kai shi ne sanho, wato jakar kaba mai murfi da ake zuba cefane a ciki. A zamanin ƙuruciyarta babu magidancin da zai doshi kasuwa ba da sanho a kafaɗa ba, babu macen da za ta je sayen mai ba ta riƙo kwalbarta ba. An yi mata aure da Haris mai haƙar rijiya shekara biyu kafin farin 1984, farin da ya share ƴan dabbobin da ta zo da su daga gidansu. Sun haifi bakwai, uku suka rayu. Matan biyu suna aure a Tanut, namijin ya tafi Libiya, labarinsa yana zuwa jefi-jefi. Haris kuwa ya rasu shekara goma sha ɗaya ke nan.

Ba wanda zai iya faɗin ranar da leda ta shigo garin. Da farko abin marmari ce: mace in ta samu ɗaya sai ta wanke ta, ta shanya, ta ninke, ta ajiye cikin kwalla. Daga baya ta zama kyauta, ko ashana mutum ya saya sai an saka masa a ciki. Da mutane suka ga ba sa biyan komai a kanta, sai suka daina tambayar inda take zuwa bayan sun yar. Sanhon Fatu ya fara kwana a kasuwa, sannan ya fara wata, har ta kai an fi shekara ba wanda ya taya. Ta koma sayar da kayan miya: gishiri, kanwa, kuka, daddawa, barkono da man gyaɗa, kowanne a ƙulle cikin ƴar farar leda, in an saya kuma ta haɗa su a baƙa. Bai kamata a gaggauta zarginta ba. Mace ce mai takabar miji a baya da tsufa a gaba, ta ga abin da ya kashe sana'arta, ta kama shi don ta ci abinci. Amma adalci ya wajabta a faɗa cewa kowace Laraba, ranar kasuwar garin, ledoji sama da ɗari suna fita daga gaban tabarmarta, kuma ba ɗaya da ke komowa.

Fatu tana da ƙawa guda, wata Bafulatana mai suna Dado, wadda suka saba tun suna matasan mata, ita tana kawo nono, ita kuma tana ba ta faifan rufe ƙwarya. Mutanen Dado makiyaya ne. Da damina suna arewa, in kaka ta yi su ratso ta Tudun Goruba su gangara kudu, sai ruwan farko su sake ɓullowa. Da yake uwar Fatu Babarbariya ce, akwai wasa tsakaninsu, kuma shekara talatin ba su gaji da shi ba.

Wata safiya bayan an gama girbi, Dado ta tsaya a ƙofar gidan, tana riƙe da igiyar wata budurwar akuya ja, mai ɗigon fari a goshi.

"Ke Babarbariya, fito ki gai da uwargijiyarki," in ji ta. "Na gaji da ganin baiwata tana dama fura da ruwan rijiya."

Fatu ta fito tana gyara ɗaurin zane. "Wa ya ga baiwa a nan? Ku da kuke kwana gindin ƙaya kamar zabi, har kun samu bakin magana a ƙofar masu ɗaki?"

"Riƙe igiya, bakinki ya cika yawa. Habbanaye ce. In ta haihu sau biyu, ƴaƴan naki, uwar tawa. In kin cinye ta kuwa, in sa a kama min ke in kai ki ruga ki riƙa kwashe kashin shanu."

Fatu ta dubi igiyar da aka miƙo mata. Ta san abin da habbanaye take nufi a wurin Fulani: mutum ya ɗauki dabbar da yake so ya danƙa wa wanda ya yarda da shi, don shi ma ya kafa garke, ba takarda, ba shaida. In dabbar ta mutu da ajalinta, ba a biya. In kuwa sakacin mai riƙo ne ya kashe ta, ba alƙalin da za a je wurinsa, sai dai sunan mutum ya zube a rugage. Rabon Fatu da turke mai dabba a gidanta ya fi shekara goma. Ta karɓi igiyar da hannu biyu.

Gajere, ƙanen marigayi mijinta, mahauci ne a kasuwar garin, shi ya raɗa wa akuyar suna Gimbiya, saboda yadda ya ga ana tarairayar ta.

"Yaya Fatu, ni da nake magajin miji ban taɓa samun rabin wannan kulawa ba," in ji shi.

"Kai ka haihu sau biyu ka gani," in ji Fatu.

Matsala ɗaya ta fara damun ta. Bayan girbi ana sakin awakin gari su yi kiwon kansu, su bi gonaki da bakin kasuwa, da yamma kowace ta nufo gida. Gimbiya kuwa akuyar daji ce, ba ta san ƙofa ba. Kwana uku a jere Fatu tana zagaya gari har magariba tana neman ta. Sai ta yi dabara. Tana ajiye dusa mai ɗan gishiri a cikin wata baƙar leda. Da la'asar sai ta tsaya a ƙofa ta murza ledar ta yi ƙara, in akuyar ta zo ta buɗe mata bakin ledar ta tusa kai ta ci. Kafin mako ya zagayo, ko daga bayan masallaci Gimbiya ta ji wannan ƙara sai ta sheƙo a guje. Maƙwabta suka yaba, har wasu suka kwaikwaya.

Cikin sanyi bunsurun maƙwabta ya bi ta. Fatu ta samo zaren kaba ta rataya a bakin ɗaki, duk tsayuwar wata ta yi ƙulli ɗaya, domin akuya wata biyar take yi. Kafin ƙulli na uku ciki ya fito. Kafin na huɗu ya yi girman da mata suke tsayawa su duba. Lokacin bazara ta kama, ciyawa ta ƙare ƙaf, ko karan gero ba a gani a gonaki, awakin gari sai filin kasuwa suke yini suna lasar ƙasa. Ƙasusuwan ƙugun Gimbiya suka tsaya, gashinta ya tashi ya daina sheƙi, amma cikin yana nan yana ƙaruwa.

"Tagwaye ne suke shanye ta," in ji matan unguwa. "Wataƙila ma uku. Fatu, kin yi goshi."

Ita ma haka ta ɗauka, kuma ba wauta ba ce. Duk wanda ya ga macen dabba da bunsuru ya bi, sannan cikinta ya tasa, hankalinsa wuri ɗaya zai tafi. Ta ƙara mata harawa daga ɗan abin da take samu, ta gyara wata inuwa bayan rumbu, ta share ta don masu zuwa.

Ta yi ƙulli na biyar, ta zauna jira. Wata ya raba, ya ƙare, wani ya tsaya. Hantsar akuyar ba ta cika ba. Ta rage tuƙa, kashinta ya zama ƴan ƙanana busassu, ta koma tsayawa wuri ɗaya da sunkuyayyen kai. Fatu ta riƙe zaren kaban, ta rasa ko za ta yi ƙulli na shida. Sai ta aika a kira Gajere.

Ya shigo da barkwancinsa, amma da ya durƙusa ya danna cikin ta gefen hagu, ya sake dannawa, sai fara'ar ta bar fuskarsa. Inda ya danna ya lotsa, bai taso da wuri ba.

"Yaya, ɗa yana motsi. Wannan ba ya motsi."

"To mene ne?"

"Ni mahauci ne, sai na buɗe nake sani. Bari Laraba ta zo, Likita ya gani."

Wanda suke kira Likita shi ne Malam Gidiyon, ma'aikacin lafiyar dabbobi, mutumin wajen Maraɗi, wanda yake zuwa a kan babur kowace ranar kasuwa. Mutum ne mai haƙuri, ba ya ɗaga murya. Ranar Laraba bayan azahar Gajere ya rako shi gidan. Akuyar tana kwance bayan rumbu.

"Bari in kira ta, Likita, ka ga tafiyarta," in ji Fatu. Ta ɗauko baƙar ledar ta murza.

Gimbiya, wadda ta yini ba ta motsa ba, ta yunƙura ta tashi, ta taho tana tangaɗi, ta tusa baki cikin ledar, ta kama gefenta tana ja da haƙori. Malam Gidiyon ya tsaya yana kallo har Fatu ta fizge ledar.

"Inna, tun yaushe kike kiran ta haka?"

"Tun kaka. Me ya faru?"

Ya duba akuyar da kyau, ya danna cikin, ya kara kunne, ya buɗe fatar idonta. Sannan ya miƙe ya karkaɗe gwiwa.

"Ba ciki gare ta ba, Inna. Leda ce ta cika mata tumbi. Ba ta narkewa, ba ta fita, sai ta dunƙule ta tare hanyar abinci. Yunwa ce take kashe ta alhali cikinta yana cike."

Fatu ta dubi ledar da ke hannunta. Ba ta buƙaci a yi mata bayani ba, amma ta tambaya, domin tana so ta ji da kunnenta.

"Ni na koya mata?"

"Ba zan yi miki ƙarya ba. Awakin da ba a koya wa ba ma suna ci, Gajere yana gani kullum a mayanka. Ƙamshin gishiri da mai ne ke jan su, ga yunwar bazara. Amma wadda ta saba samun abinci a cikin leda, duk ledar da ta gani a fili kwanon tuwonta ce."

"A fiɗe ta a cire mana," in ji Gajere. "Na ji ana yi."

"Ana yi, a babban gari, in dabba tana da sauran ƙarfi. Wannan ba za ta kai Tanut a mota ba, balle ta tashi bayan wuƙa. Da wata biyu baya ne, da na ce a gwada."

Da ya ga yadda fuskarta ta koma, sai ya ciro wayarsa, wai ko zai rage mata nauyin abin. Ya nuna mata hoton da wani ɗan'uwansa ya aiko masa daga Kwatano: bakin teku, ruwa har iyakar gani, gaɓar kuma shimfiɗe da ledoji da robobi, da wani ƙaton kifi a mace, an tsaga cikinsa.

"Kin gani, Inna, ba ke kaɗai ba ce. Har kifin teku."

Fatu ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi tabkin damina ba. Ta daɗe tana duban hoton, sannan ta miƙa masa wayar.

"Shi kifin, na wane ne?"

"Ba na kowa ba ne."

"To ita wannan tana da mai ita."

Malam Gidiyon ya yi nufin alheri, kuma abin da ya nuna gaskiya ne. Sai dai sanin cewa bala'i ya game duniya ba ya sauke wa mutum nasa kason. Abin da ya dace a lura da shi a hoton nan shi ne wannan: mutanen gaɓar teku suna yar da leda, ruwa ya kwashe ta ya kai inda ba su gani, sai bayan shekaru ta komo musu. A wannan ƙasa tasu ta Damargu babu kogin da zai kwashe wa kowa komai. Abin da aka yar ranar Laraba iska ce take ɗaukar sa, ta maƙala a ƙaya, ta tara a kwari, ta binne a gona, sauran kuma ya shiga cikin dabbobi. Wanda ya yar da wanda abin zai cutar a rijiya ɗaya suke ɗibar ruwa.

Daga ranar Fatu ta ɗaure akuyar a turke. Ta ɗura mata man gyaɗa, ta ɗura mata jiƙon kanwa, ta dama mata kunu mai ruwa-ruwa tana ba ta da ludayi. Ba abin da ya fita. Gajere ya ce a yanka tun naman yana da amfani. Fatu ta ƙi.

"Ba tawa ba ce. Ban da ikon sa mata wuƙa sai mai ita ta ce."

"In ta mutu mushe fa? Kin yi asarar akuya, kin yi asarar nama."

"Kira min su Dado."

Gajere yana da lambar mijin Dado. Ya kira ranar Alhamis, a kashe. Ya kira Juma'a kafin masallaci da bayansa, a kashe. Makiyayi in ya yi nisa cikin daji, wayarsa sai ta yi mako ba wuta. Suka ba wani direba saƙo ya bari a kasuwannin kudu, ba amsa.

Ran Lahadi da hantsi akuyar ta kwanta ta gefe, ta lanƙwasa wuya baya, numfashinta yana fita da ƙyar. Fatu ta tsuguna kusa da ita tana auna abu biyu. In ta bari ta mutu, ta kiyaye ƙa'idar cewa ba ta taɓa abin da ba nata ba, amma ta mayar da halal ɗin ƙawarta mushe. In ta sa aka yanka, ta ceci nama da fata, amma ta zartar da hukunci a kan dukiyar wani. Ba ɗaya daga ciki da zai mayar wa Dado akuyarta. Ta leƙa ta katanga ta ce a kira Gajere, ya zo da wuƙa.

Ta shiga ɗaki har aka gama. Da ya zo fiɗa sai ta fito ta tsaya a kansa. Mahaifar ba komai a ciki. Da ya tsaga tumbin, sai ga wani dunƙule baƙi-ƙirin, ya fi kan mutum girma, a murɗe kamar gammo, yana wari. Gajere ya ɗaga shi da hannu biyu ya ajiye a ƙasa, ya sa tsinin wuƙa yana warwarewa: baƙaƙen ledoji, guntun igiyar roba, ledar ruwan sanyi, da ƙananan farare masu yawa.

Fatu ta sunkuya ta zaro ɗaya daga cikin fararen. Ƙullinta yana nan bai kwance ba. Matan kasuwa duka sau ɗaya suke zarge bakin leda su ja. Ita kaɗai ce take naɗawa sau biyu ta soke bakin ta ƙasa, irin yadda ake gama bakin igiyar kaba, domin hannunta bai san wani ƙulli ba. Ta zaro ta biyu, ta uku. Da ta kai ta bakwai sai ta daina.

"Na gishiri ne," in ji ta.

"Yaya, ke kika sayar, ba ke kika yar ba."

Maganar Gajere tana da gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Wanda ya ƙera ledar a wata ƙasa bai san Gimbiya ba. Ɗan kasuwar da ya kawo ta bai san ta ba. Matar da ta juye gishiri a miya ta wurga ledar bayan katanga ba ta yi nufin kowa da sharri ba. Laifin ya rarrabu ƙanana-ƙanana a hannun mutane da yawa, har kowa yana iya duban nasa ya ga bai kai a kira shi laifi ba. Amma a cikin tumbin akuyar duka suka haɗu wuri ɗaya, kuma Fatu ce kaɗai take tsaye a wurin da za ta ba da amsa.

Ba ta ɗanɗana naman ba, ba ta kuma bari an sayar ba. Ta yanyanka shi ta shanya, Gajere ya gyara fatar. Dunƙulen kuma ta wanke shi, ta busar, ta saka cikin wani tsohon sanho ta rufe.

Cikin makonnin da suka biyo baya ta gwada duk abin da hankalinta ya ba ta. Kowace safiya tana fita da buhu ta tsince ledojin unguwa, daga ƙofarta har bakin rijiya. Ta ƙona su rana ɗaya, hayaƙin ya sa jikokin maƙwabta tari, aka yi mata magana. Ta koma binnewa, awaki suna tonowa. Ranar Talata unguwar takan yi fes. Ranar Alhamis da safe ƙayoyin shinge sun sake yin baƙi.

A kasuwa ta zuba gishirinta a faifai, ta ce kowa ya zo da kwanonsa.

"Inna Fatu, daga garin Tarka na taho a babur, kwano zan rataya a wuya?" in ji wani saurayi, ya matsa tabarma ta gaba.

Ta saƙa ƙananan sanhuna guda goma ta jera. Mata suka ɗaga suna juyawa. "Kai, irin na kakarmu! Hannunki yana nan, Maikaba." Suka ajiye suka wuce. Laraba biyu ta koma gida da kayanta kusan yadda ta fito da su. Ta je wurin mai gari, ya saurare ta da girmamawa, ya ce shi ma ya rasa tunkiya bara, kuma ya ji an ce akwai doka a Yamai da ta hana irin wannan leda, amma shi bai ga ranar da aka fasa kawo ta ba. Ya sa aka yi shela. Mutane suka ce gaskiya ne, Allah ya kyauta.

Ruwan farko ya sauka, bayan kwana shida garken su Dado ya ɓullo daga kudu. Da hantsi ta iso ƙofar gidan da ƙwaryar nono a ka.

"Ina baiwar nan? Fito ki nuna min jikokina, in ga ko sun ɗauko hancin Barebari."

Fatu ta fito, ba ta rama ba. Ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye fatar, da busasshen naman, da sanhon. Dado ta dubi jar fatar, ta sauke ƙwaryarta a hankali ta zauna. Fatu ta buɗe sanhon, ta faɗa mata komai bi da bi: dusar, da kiran la'asar, da ƙullin wata, da wayar da ba ta shiga ba, da wuƙar da ta sa ba izini, da ƙullin gishirinta guda bakwai. Ba ta rage ba, ba ta kuma nemi uzuri ba.

"Sakacina ne, Dado. Ki faɗa a rugage yadda yake."

Dado ta sa yatsa ta taɓa dunƙulen.

"Wannan ƙarami ne," in ji ta. "Na saniyarmu da ta faɗi a kudu, maza biyu suka ɗaga shi. Ita wa ya koya mata? Shanu uku muka rasa bana, da tumaki ban san iyaka ba. Wa zan je in faɗa wa a rugage, alhali kowace ruga tana da irin wannan a rataye?"

"Amma ni da hannuna..."

"Da hannunki kika ba ta dusa lokacin da ke kanki ba ki ƙoshi ba. Na ji. Ba biya a habbanaye, kuma ba ki ci amanata ba. Naman nan mu raba." Ta gyara zama, ta yi ƙoƙarin maido da wasa. "Gobe zan kawo miki ƙanwarta. Baƙa ce, mummuna, ta dace da gidan Barebari."

Washegari ta zo da ita, ƴar akuya mai ƙafafu dogaye, tana ta jan igiya. Fatu ta tsaya a ƙofa ta dube ta, sannan ta dubi shingen da ke gaban gidan, da hanyar da ta miƙe zuwa filin kasuwa. Ta riga ta kwana tana lissafin abin. In ta sake ta, za ta ci abin da ƴar'uwarta ta ci. In ta saƙa mata takunkumi, ba za ta yi kiwo ba. In ta ɗaure ta a turke shekara guda, harawar bazara ta fi ƙarfinta. Ta mayar da hannuwanta baya.

"Ki tafi da ita."

"Ke, kina hauka? Ana mayar da habbanaye?"

"Ba ni da inda zan ajiye ta, Dado. Gidan nan ba ya tsare ta, garin ma haka. Na karɓi ɗaya ban san abin da zai faru ba. In na karɓi wannan, na sani."

"Dajin ma ai haka yake."

"To ta mutu a hannun mai ita."

Dado ta daɗe a tsaye. Daga baya ta naɗe igiyar a hannu, ta ce sai kaka in Allah ya kai mu, ta juya. Ƴar akuyar ta bi ta tana waiwaye, a bakin shinge ta miƙa wuya za ta kamo wata leda da ke kaɗawa a ƙaya, Dado ta fizge ta suka wuce.

Fatu ta koma cikin gida. Geron da ke rumbu ba zai kai ta girbi ba, gobe kuma Laraba. Ta jawo buhun gishiri da damin fararen ledoji, ta zauna a inuwa, ta fara ƙullawa.